Yadda Ake Kwana Uku a Washington Lokacin Hutun Tunawa da Sojojin da Suka Kwanta Dama

Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu ranar hutu ce a duk faɗin Amurka. A can suna kiranta Memorial Day, an keɓe ta ne domin sojojin ƙasar da suka mutu a bakin aiki. Da yake tana manne da Asabar da Lahadi, mutane da yawa sun mayar da ita ranar buɗe lokacin zafi, a gasa nama a bayan gida, a tafi bakin teku, kantuna su karya farashi. Amma a Washington, babban birnin ƙasar, har yanzu ranar tana nan da nauyinta, kuma wanda Allah ya kai shi birnin a waɗannan kwanaki zai ga abin da ba a gani a sauran shekara.

Shawarata guda ce, a kanta na gina duk tsarin da ke ƙasa: ka fara da kaburbura da sunaye tun da sauran sarari, ka bar ganguna da fareti sai ƙarshe. Yawancin baƙi akasin haka suke yi, sai su ƙare a cikin cunkoso suna kallon ƙeyar juna.

Ka san asalin ranar tukuna

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, ya ci sojoji fiye da 600,000. Bayan an ajiye makamai, garuruwa suka fara fita suna share kaburburan matattunsu suna zuba furanni. Ɗaya daga cikin tarukan farko an yi shi ne ranar 1 ga Mayu, 1865, a birnin Charleston, inda bayin da suka sami 'yanci suka taru domin karrama sojojin Arewa 257 da suka mutu a tsare a wani filin sukuwa. A 1868 Janar John Logan ya sa 30 ga Mayu ta zama ranar ƙawata kaburbura, aka yi babban taro a maƙabartar sojoji ta Arlington da ke daf da Washington. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka faɗaɗa ta ta ƙunshi matattun kowane yaƙi, kuma tun 1971 ake yin ta a Litinin ɗin ƙarshe ta Mayu.

Kada ka haɗa ta da 11 ga Nuwamba, wadda ita ce ranar 'yan mazan jiya baki ɗaya, har da waɗanda ke raye. Ta Mayu ta mamata ce. Saboda haka in ka ga dattijo sanye da hular rundunarsa, kada ka ce masa barka da biki. Sau da yawa abokinsa ya zo ziyarta.

Shirin da ake yi tun daga gida

Na farko masauki. Ka kama ɗaki tun da wata biyu ko uku, kuma abin da za ka duba shi ne kusancinsa da tashar Metro, wato jirgin ƙasan cikin birni. Shuɗin layi ya fi dacewa da wannan tafiya, domin yana tsayawa a ƙofar maƙabartar Arlington, yana kuma tsayawa a tashar Smithsonian da ke tsakiyar National Mall, dogon filin da wuraren tunawa da gidajen tarihi suke. Unguwannin Rosslyn da Crystal City a ɓangaren jihar Virginia, ko Foggy Bottom a cikin birni, duk suna kan layin. In ta filin jirgin Reagan ka sauka, jirgin ƙasa yana nan a bakin ƙofa. In ta Dulles ne, tun Nuwamban 2022 layin azurfa ya isa can. Ka sayi katin SmarTrip a tasha ka zuba masa kuɗi, ko ka sa shi a waya.

Kada ka yi hayar mota. Ana rufe manyan tituna ranar Lahadi da Litinin, wurin ajiye mota kuma sai an sha wuya.

Na biyu tikiti. Wuraren tunawa na filin Mall da gidajen tarihi na Smithsonian duk kyauta ne, amma wasu sai da tikitin lokaci da ake karɓa ta intanet. Hawa hasumiyar Washington ana kama wuri ne a shafin recreation.gov da kuɗin rajista dala 1. Gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka shi ma yana buƙatar tikitin lokaci, kyauta, kuma na wannan mako da wuri yake ƙarewa. Ka karɓa da zarar an buɗe.

Na uku kaya: takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, gorar ruwa, hula, da ƙaramar laima, don ƙarshen Mayu akwai zafi mai ɗanshi kuma hadari kan taso da yamma ba sallama. Fasfonka ya kasance a jikinka. Jaka ƙarama ta isa, domin kusan kowace ƙofa akwai binciken tsaro. Daga ginin Majalisa zuwa wurin tunawa da Shugaba Lincoln kilomita 3 ne da 'yan kai. A taswira kamar taku biyu ne, a ƙafa kuwa wani labari ne.

Juma'a

In ka iso da wuri kuma kai Musulmi ne, akwai Cibiyar Musulunci ta Washington a titin Massachusetts, cikin unguwar ofisoshin jakadanci, wadda Shugaba Eisenhower ya halarci buɗe ta a 1957. Ka yi Juma'a a can, ka koma ka huta. Kada ka cika wa kanka aiki a wannan rana. Da la'asar ka fita ka gwada jirgin ƙasa ka ga yadda ake shiga da fita. Ba a ci ba a sha a cikinsa, a kan matakala mai tafiya da kanta kuma ana tsayawa ne a dama, a bar hagu ga masu sauri. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8, ka lissafa lokutan sallarka da wannan.

Asabar da safe: Arlington

Da sanyin safiya ake kama fara. Ana buɗe maƙabartar ƙarfe 8, ka kasance a bakin ƙofa kafin nan. Dalilin zaɓar Asabar shi ne: tun ranar Alhamis sojojin runduna ta uku ta ƙasa, wadda ake yi wa laƙabi da Old Guard, sun bi kaburbura ɗaya bayan ɗaya sun kafa ƙaramar tuta a gaban allunan kabari fiye da 260,000. Kowane soja yana ɗora ƙafarsa a jikin dutsen, ya soka tutar a inda takalminsa ya ƙare, shi ya sa layukan suke miƙe kamar an ja zare. Tutocin nan suna nan har bayan Litinin, don haka abin da za ka gani ranar Asabar shi ne wanda shugaban ƙasa zai gani, sai dai kai ba mai tura ka.

Wurin yana da girma, eka 639, da mutane kusan 400,000 a kwance, kuma tudu ne da gangare. Akwai motar zagaye ta kuɗi da ke tsayawa a manyan wurare, ta dace da dattawa da masu yara. In kana da ƙafa, ka taka. Ka sauke manhajar ANC Explorer a waya, tana nuna inda kowane kabari yake.

Ka fara da Sashe na 60, ba shi da nisa da zauren baƙi. Nan aka binne yawancin waɗanda suka mutu a Iraƙi da Afganistan, kuma nan ne maƙabartar take da rai, in za a iya faɗin haka. Sauran sassan tarihi ne, wannan kuwa makoki ne da bai huce ba. Za ka ga iyalai sun shimfiɗa bargo a kan ciyawa tun da safe. Na ga wata mata ta zauna ta jingina bayanta da dutsen kabari, ta cire takalmi, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labarin gida, ƙaramin yaro kuma yana jera tsakuwa a saman dutsen. Shekarar haihuwa da ta mutuwa da ke jikinsa, tsakaninsu shekara 22 ne. A irin wannan wuri ka mayar da waya aljihu. Kada ka ɗauki hoton kowa, kada ka tsaya a kansu, in ido ya haɗu ka sunkuyar da kai ka wuce.

A saman yawancin allunan akwai alamar addinin mai kabarin. Gicciye ya fi yawa, akwai tauraron Yahudawa, akwai kuma jinjirin wata da tauraro. A wannan sashe Kyaftin Humayun Khan yake, Musulmin da aka kashe a Baƙuba ta Iraƙi a watan Yunin 2004.

Daga nan ka hau tudu zuwa Kabarin Sojan da Ba a San Shi Ba. An binne na farko a 1921, daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma tun 1937 ba a taɓa barin wurin ba mai gadi ba, dare da rana, ruwa ko ƙanƙara. Mai gadin yana taku 21, ya tsaya daƙiƙa 21 yana fuskantar kabarin, ya juya ya sake tsayawa daƙiƙa 21, sannan ya koma. Daga Afrilu zuwa Satumba ana canjin gadi duk rabin sa'a. Ka zo minti goma kafin lokaci ka sami gaba a kan matakala. Za a ce kowa ya miƙe ya yi shiru, kuma da gaske ake, mai surutu zai ji tsawa. Ka lura da rami ɗaya da babu kowa a ciki: na yaƙin Biyetnam ne, wanda gwajin ƙwayoyin halitta ya gano a 1998 cewa matuƙin jirgin yaƙi ne mai suna Michael Blassie, aka mayar da shi ga danginsa.

Ka bi ta gidan Arlington da ke ƙololuwar tudu. Gidan Janar Robert Lee ne, jagoran sojojin Kudu, ya same shi ta wajen matarsa. Gwamnati ta ƙwace filin lokacin yaƙi ta fara binne sojoji a 1864, daga baya kotun ƙoli ta ce ƙwacen bai halatta ba, aka biya ɗansa dala 150,000 a 1883. Ka shiga ɗakunan bayin da ke bayan gidan, kada ka tsaya a falo kawai. A gaban gidan kabarin Pierre L'Enfant yake, wanda ya zana taswirar birnin, kuma daga nan kana hango Washington gaba ɗaya a shimfiɗe. Ƙasa kaɗan kabarin Shugaba Kennedy ne da wutarsa da ke ci tun 1963. Kullum da jama'a, minti biyar ya isa.

Inda nake roƙon ka kada ka tsallake shi ne Sashe na 27, can gefen arewa, inda motar baƙi ba ta cika sauke mutane ba. Nan aka binne William Christman, sojan farko da aka sa a wannan maƙabarta, a Mayun 1864. Nan kuma baƙaƙen sojojin yaƙin basasa suke, tare da mutane fiye da 3,800 da suka fito daga bauta, waɗanda aka rubuta wa kalmar ɗan ƙasa ko farar hula a kan duwatsunsu. Duwatsun sun tsufa, wasu rubutun ya fara shafewa. Mutumin da aka haifa a matsayin dukiyar wani, ga shi an rubuta masa ɗan ƙasa a kabari. Ni dai ban ga abin da ya kai wannan nauyi ba a duk birnin.

Ka ware sa'a huɗu. Ba a cin abinci a ciki, sai ruwa.

Asabar da yamma

Ƙafa ta gaji, rana ta take, lokacin shiga inuwa ne. Ka sa tikitinka na gidan tarihin baƙaƙen fata, wanda aka buɗe a 2016, ya faɗo wajen ƙarfe 2. Ana farawa ne daga can ƙarƙashin ƙasa da cinikin bayi ta tekun Atlantika, ana hawowa sannu a hankali har zamanin yau. Bayan Sashe na 27, labarin zai zauna maka daidai. In ba ka sami tikiti ba, ka shiga gidan tarihin Amurka da ke maƙwabtaka da shi ka ga tutar 1814 da ta zama silar taken ƙasar.

Ga wata dabara. Babban taron kaɗe-kaɗe na tunawa ana yin sa ne daren Lahadi a filin yamma na ginin Majalisa, amma ranar Asabar da yamma akan yi gwajin ƙarshe, kuma akan bar jama'a su shiga. Shiri ɗaya ne, mutane sun fi ƙaranci. In ka halarci wannan, daren Lahadi ya zama naka.

Lahadi: bangon sunaye

Ka isa bangon tunawa da sojojin Amurka na yaƙin Biyetnam wajen ƙarfe 7. Wuraren tunawa na Mall ba su da ƙofa, a buɗe suke dare da rana. Wata ɗalibar jami'ar Yale mai shekara 21, Maya Lin, ita ta zana shi, aka buɗe a 1982, kuma da farko an yi ta sukarsa don babu doki babu takobi. Baƙin dutse ne mai sheƙi, fukafukai biyu, kowanne kusan mita 75, ɗauke da sunaye fiye da 58,000. Kana shiga bangon yana wajen idon sawunka da layi ɗaya na sunaye. Kana tafiya hanya tana gangarawa, bangon yana tashi, har ka kai tsakiya ya kere kanka da kusan mita 3, fuskarka kuma tana bayyana a cikin dutsen a tsakanin sunayen.

Ba a jera su bisa haruffa ko muƙami ba, an bi ranar da kowa ya faɗi ne, daga 1959 zuwa 1975, saboda haka waɗanda suka mutu tare suna kusa da juna. Akwai littafin neman suna a bakin hanya, akwai masu aikin sa kai da hula ruwan ɗorawa da za su nuna maka allo da layi, su ba ka takarda. Ana ɗora takardar a kan sunan a goga fensir har ya fito. Alamar lu'ulu'u a gefen suna na nufin an tabbatar da mutuwarsa, ƙaramin gicciye kuma na nufin ya ɓace. Wasiƙu da takalman soja da hotunan da ake ajiyewa a gindin bango, kada ka taɓa. Hukumar kula da wurin tana tattara su tana adanawa.

Ba sai ka yarda da yaƙin ba kafin ka tsaya a nan. Miliyoyin 'yan Biyetnam da suka mutu babu sunansu a bangon, haka 'yan Iraƙi da Afganistan babu nasu a Sashe na 60, kuma baƙon da ya zo daga wata ƙasa ya fi kowa saurin tuna wannan. Ka riƙe shi a ranka, ka kuma girmama uwar da ke kuka a gefenka. Zuciya tana iya ɗaukar duka biyun.

Da hantsi za ka fara jin rugugin babura. Tun 1988 dubban masu babura, yawancinsu tsofaffin sojoji, suke tasowa daga harabar Pentagon su haye gadar Memorial su zagaye Mall domin tunatar da gwamnati fursunonin yaƙi da waɗanda suka ɓace. Har 2019 sunan gangamin Rolling Thunder, yanzu Rolling to Remember. Ka tsaya kusa da wurin Lincoln ka kalli rabin sa'a, amma ka zaɓi gefen titin da kake son ƙarewa a kai, don tsallakawa sai an jira.

Da rana ka hau koren layi zuwa tashar U Street. A bakin tashar akwai wurin tunawa da baƙaƙen sojojin yaƙin basasa, da sunaye 209,145 a jikin bangon ƙarfe. Unguwar cike take da gidajen abinci, har da na Habashawa, sai ka ci ka huta.

Bayan magariba ka dawo Mall, domin sauran wuraren da dare suka fi kyau. Ka fara da na Yaƙin Duniya na Biyu, mai ginshiƙai 56 da taurarin zinariya 4,048, kowane tauraro a madadin mutum 100. Ka bi gefen dogon tafki zuwa na yaƙin Koriya, inda mutum-mutumin sojoji 19 sanye da rigunan ruwa suke ratsa ciyayi, fitila tana haska fuskokinsu daga ƙasa har tsigar jiki ta tashi. Ka ƙare a matakalar Lincoln, wanda aka buɗe ranar 30 ga Mayu, 1922. Kusa da sama akwai rubutu a daɓe, a daidai inda Martin Luther King ya tsaya ya yi jawabinsa ranar 28 ga Agusta, 1963. Mutane suna taka shi ba su sani ba, sai ka duba ƙasa.

Litinin

Da safe za ka ga tutoci a rabin sanda, da tsakar rana a ɗaga su sama. Haka ƙa'idar ranar take. A Arlington akan ajiye furanni a Kabarin Sojan da Ba a San Shi Ba wajen ƙarfe 11, yawanci shugaban ƙasa ne da kansa, sannan a yi jawabi a dandalin da ke ɗaukar mutum kusan 5,000. Kyauta ne, amma wanda ya riga zuwa shi ke samun wuri, ga dogon layin bincike. Tunda ka riga ka ga maƙabartar cikin natsuwa, ban ga dalilin komawa ba. Ka yi barcinka, ka haɗa kaya, ka bar su a ajiya a otal.

Faretin ƙasa yana bin titin Constitution ne tsakanin titi na 7 da na 17, da makaɗan makarantun sakandare daga jihohi daban-daban da tsofaffin sojoji a buɗaɗɗun motoci. Ka duba lokacin farawa na shekarar a shafin masu shirya shi, ka zo da sa'a guda kafin nan, ka nemi gindin bishiya. Ƙarfe 3 daidai, bisa dokar da aka yi a 2000, ana son kowa ya yi shiru na minti ɗaya duk inda yake.

In jirginka na dare ne, ka taka zuwa wurin tunawa da Yaƙin Duniya na Ɗaya a titin Pennsylvania, tsakanin titi na 14 da na 15. Shi ne sabo a cikinsu, sai a Satumban 2024 aka buɗe dogon sassaƙen tagullarsa mai mutane 38, wanda ke bin soja ɗaya daga ranar da ya yi sallama da 'yarsa har ranar da ya dawo ya miƙa mata hular kwanonsa. Kullum ƙarfe 5 na yamma mai bigila sanye da kakin wancan zamani yakan fito ya busa Taps, busar da ake yi wa soja a bakin kabari. Sauti 24 ne kacal, bai kai minti biyu ba. Ka zo da sauran minti goma, ka zauna a kan matakalar da ke fuskantar ruwa, in ya ɗaga bigilar ka miƙe ka cire hular rana. Daga nan tashar Federal Triangle 'yar tafiya ce, shuɗin layi zai kai ka filin jirgin Reagan, na azurfa kuma Dulles.